Ledar Bayan Katanga

Ledojin da suke taruwa a bayan katangar makarantar ba su da maiƙo. Safinatu ta lura da haka tun makon farko, kuma ita kaɗai ta lura, don babu mai sunkuyawa a wurin sai ita. Shekara tara tana share wannan firamare ta Galtimari, ta san leda kamar yadda mai awo ta san hatsi. Ledar ƙosai fara ce, ƙarama, duk ta yi naso. Ledar ruwa an cije mata kusurwa ɗaya. Waɗannan kuwa baƙaƙe ne, manya, sababbi, an ƙulle kunnuwansu sau biyu, in ta ɗaga ɗaya a rana sai ta ga shatin gindin kwano a jikinta.

Ba ta sha wahalar gane dalili ba. A farkon zangon nan ne Malama Rose, mai koyar da aji biyar, ta kawo tsarin hana leda a makarantar. Aka jera randuna huɗu a gindin darbejiya, aka sallami mai ruwan leda daga bakin ƙofa, aka ce kowane yaro ya zo da kofinsa da kwanonsa mai murfi. Iyaye mata suka bi umarni. Sai dai a unguwar ba a sakin yaro kan titi da kwanon abinci a fili, kowa ya san abin da gidan ya dafa. Kuma kwanuka masu murfin kirki na cikin kabad ne, na kayan aure, waɗanda ko baƙo sai ya isa ake fito masa da su, babu uwar da za ta bar ɗan shekara bakwai ya goga mata su a ƙasa. Sai ta ɗaure kwanon da leda ɗaya saboda miya, ta ƙara baƙa a kai saboda idon mutane. Yaran kuma sun san Malama tana tsaye a ƙofa tana duba hannuwa. Da sun zo kwanar katanga sai su zare ledojin, su cusa a bayan banɗaki, su shigo da kwano yana ƙyalli. Da can leda ɗaya ce a hannun yaro, yanzu biyu.

Hedimasta, Malam Babakura, zango ɗaya ya ba Malama Rose ta gwada. Ka'idar ita ce, duk ranar Alhamis Safinatu ta kawo buhunan ledar da ta share a makon, Malama ta rubuta yawansu a allon da ke jikin ofis. Kafin tsarin, buhu biyar ake tarawa. A makon farko na tsarin Safinatu ta tara shida. Ta tsaya a kansu, ta hango Malama tafe da alli a hannu tana sauri kamar mai zuwa tarbar baƙi, sai ta ja uku ta tura bayan tankin ruwa.

"Ya Safinatu, nawa?"

"Uku ne, Malama."

"Uku? Daga biyar?" Malama Rose ta riƙo hannunta ta girgiza. "Kin gani ko? Na ce miki mutanen nan suna ji."

Safinatu ta ce ta gani, ta ɗauki tsintsiyarta ta bar wurin.

Ba mace ce mai zama ba. Ko shayi a tsaye take sha, tana yi tana ture ƙasa da ƙafa. A daji aka haife ta, cikin shanu, kuma ta yi wayo ne a kan hanya, yau a sauka nan, jibi a ɗaure kaya. Garken mahaifinta ya yi ta raguwa har ya shigo Maiduguri da abin da ya saura, ya koma dillanci a Kasuwar Shanu, yana sayar da na wasu yana shafa bayansu kamar nasa. Wanta Abakar ya gaji dillancin. Ita kuma bayan rasuwar mijinta ta yi shekara shida tana wankin kayan ciki a mayanka kafin ta samu sharar makaranta. 'Ya'yanta mata biyu suna gidajen mazajensu. Abin da ya rage mata na daji karsana ce guda, ja mai farin goshi, jikanyar saniyar ƙarshe ta mahaifinta. A tsakar gida take ɗaure. Ba ta sa mata suna ba, 'yar gida take ce mata.

Lokacin da ruwa ya ci gari a watan Satumba na 2024, Safinatu ta fita daga gidanta ruwa iya ƙirji, igiyar 'yar gida, tana maraƙa a lokacin, a naɗe a hannunta. Malama Rose ce ta tsince su a bakin titi, ta kai su gidanta da ke kan tudu. Mako uku suka yi a can. Maraƙar ta cinye zogalen gidan har ɓawo, ta tauna labulen ƙofa, Malama dariya kawai ta yi. Da ruwa ya janye, su biyun suka bi unguwa suna kallon magudanai, kowacce a toshe da leda kamar an danna da tabarya. A ranar Malama ta fara maganar tsarinta, kuma tun daga ranar ba ta daina ba.

Wannan ce matar da Safinatu za ta duba ta ce mata aikinki ya ƙara ɓarna. Ta gwada a zuci sau da yawa, bakin ya ƙi.

Matsalar ita ce inda za a kai abin da aka ɓoye. Ƙonawa a makaranta an hana, hayaƙin ma zai tona. Bolar bakin titi kan hanyar Malama take, ga awakin unguwa suna wuni a kanta. Magudana kuwa, wadda ta taɓa tafiya cikin ruwa iya ƙirji ba ta jefa ko ɓawon gyaɗa a ciki. Sai ta riƙa jira a tashi, ta tattake ledojin da ƙafa su kwanta, ta ɗaura buhu a ka ta bi ta lungu zuwa gida. Ta jingina su a bangon da ke bayan turke. Ta ce wa kanta mako mai zuwa iyaye za su gaji da sayen leda. Ba su gaji ba. A allon ofis lambobi suna sauka, uku, uku, biyu, biyu, ɗaya. A gidanta buhuna suna hawa har suka wuce tsayin taga. Kullum in ta shigo sai ta kauda kai daga bangon, ta hau wani aiki, ta wanke abin da ta riga ta wanke.

A mako na shida, ranar Litinin, ta dawo ta tarar igiya ta kwance, karsanar tana tsaye a gindin buhunan, biyu a yage. Ledojin ciki, masu ɗan gishirin miya, su ta bi. Safinatu ta zare wadda ke bakinta, ta ɗaure ta da ƙulli uku, ta share wurin tas. Ranar Talata karsanar ta shinshina dusa ta juya kai. Ranar Laraba cikinta ya kumbura ta hagu, ta daina tuƙa, tana tsaye kawai tana nishi ƙasa-ƙasa. Safinatu ta zagaya ta ya fi sau ashirin, ta ba ta kanwa, ta ba ta man gyaɗa a kwalba, sannan ta kira wanta.

Abakar ya zo bayan la'asar da sandarsa da warin kasuwa a rigarsa. Bai zauna ba.

"Safi, tun yaushe ta daina tuƙa?"

"Tun da safe."

"Kashi fa?"

"Kaɗan-kaɗan, kamar na akuya."

Ya dunƙule hannu ya danna mata kwiɓin hagu. Wurin ya lotsa, bai taso da wuri ba, kamar tsohuwar katifa. Ya ɗago ya dubi ƙanwarsa.

"Ke da kika shekara shida kina juye tumbi, sai na gaya miki?"

Ta sani. Ta sha ciro dunƙulen leda daga cikin sa, wani ya kai kan mutum, ya murɗe ya yi tauri kamar saiwa.

Abakar ya nuna bangon da sanda. "Wannan kuma fa? Kamfani kika buɗe ba ki gaya wa dangi ba?"

"Ajiya ce, Yaya."

"Ajiyar wa? Wane attajiri ne yake ba da ajiyar shara?"

Ta gaya masa, a gajarce, tana tsince ciyawa daga cikin kwanon dusa. Ya saurara har ƙarshe, ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba.

"Wato kin ji kunyar malama, sai kika ɗora wa dabba. To ji nan. Akwai likitan dabbobi da na sani, Dakta Yoila, yana tsaga ciki ya kwashe ya ɗinke, na ga waɗanda suka tashi a hannunsa. Amma ba zan ɗauko mutum daga wurin aikinsa ya yi wannan wahala, jibi ta kwance ta koma kan abin da aka ciro ba. Gobe da azahar zan zo. In bangon nan babu komai, da likita zan shigo. In suna nan, da mahauci, tun tana da sauran nama a jiki."

"Yaya, gobe taron iyaye ne."

"Ita wannan ta san da taro?"

Ya fita. Safinatu ta ƙirga buhunan, goma sha huɗu. Ta shiga ɗaki, ta fito. Ta leƙa waje ta dubi hanyar bola, ta dawo. Ta ɗauko ashana ta riƙe, sai ta ji kukan jaririn maƙwabta ta bayan katanga, kwanansa tara a duniya, ta mayar da ashanar. Ta lissafa gidajen da ta sani, babu wanda ba shi da akuya ko tunkiya. Duk inda ta juya da buhunan a ranta, wuri ɗaya suke komawa, inda suka fito.

Da gari ya waye ta ari amalanken mai sayar da itace na bakin layi. Bakwai ya ɗauka. Ta ɗaure su da igiyar shanya, ta tura, taya ɗaya tana kuka, mutane suna matsawa suna kallo. Wata ta tambaye ta ko tashi take yi daga unguwar, ta ce a'a ba ta tsaya ba.

A makaranta an fara jera bencina a inuwa. Malama Rose tana tsaye kan kujera tana manna babbar takarda a jikin bishiya, an zana lambobin nan da jan alƙalami, suna gangarowa kamar matakala. Ta sa atamfarta ta zuwa coci. Ta juyo da jin kukan tayar.

"Ya Safinatu, wushe, sannu. Wannan kaya haka da sassafe?"

"Naki ne, Malama."

"Nawa?"

Safinatu ta kwance bakin buhu ɗaya ta buɗe. Malama ta sauko daga kujerar, ta sa hannu ta ɗebo, ta juya baƙar ledar gaba da baya.

"Daga ina?"

"Bayan banɗaki. A ciki suke kawo kwanukan, su cire a kwana. Akwai bakwai kuma a gida."

"Na yaushe?"

"Tun makon farko."

Malama Rose ta dubi takardar da ta manna, ta dubi amalanken. Da ta yi magana muryarta a ƙasa take, don masu jera bencina suna kusa.

"Mako shida ina tsayar da yara a layi ina cewa su tafa wa kansu."

"Na sani."

"Kina tsaye a wurin. Har ke kina tafawa."

"Da tsintsiya a hannuna, Malama, ban tafa sosai ba."

"Kada ki ba ni dariya, ba na so." Ta jefa ledar cikin buhu. "Me ya hana ki gaya mini ran farko? Da na je gida-gida."

"Na ci tuwonki mako uku."

"Shi ne sakayyar ki bar ni in miƙe gaban iyaye in shirga musu ƙarya da jan alƙalami?"

Safinatu ta gyara igiyar da ba ta buƙatar gyara. Ta ce, "'Yar gida ta ci. Cikinta ya kumbura. Yaya ya ce in ba a kwashe su kafin azahar ba yanka ta za a yi."

"Wato ba don ita ba da ba ki kawo ba."

Safinatu ta so ta ce da ta kawo. Ta duba cikin ranta ba ta samu ba.

"Da ban kawo ba," ta ce.

Malama ta gyaɗa kai a hankali. Ta hau kujerar ta ɓalle takardar, ta naɗe ta, ta sa a hammata.

"Tana tsaye ko ta kwanta?"

"Tana tsaye."

"To sauke waɗannan a gaban bencina. Je ki kwaso sauran. Ki yi sauri."

Kafin ta dawo da kaya na biyu taro ya cika, mata a gaba da mayafai kala-kala, maza kaɗan a gefe. Malam Babakura yana zaune a tebur yana kallon tulin buhunan kamar an ajiye masa baƙon da bai gayyata ba. Safinatu ta sauke sauran a gefensu, gumi yana bin bayanta, ta koma ta tsaya riƙe da hannun amalanke.

Malama Rose ba ta yi dogon bayani ba. Ta ce lambobin da ke allo ba daidai ba ne, ga na gaskiya nan a buhu, kuma laifin tsarinta ne da ya ce a kawo kwano bai tambayi yadda kwano yake fita daga gida ba. Ba ta ambaci sunan kowa ba. Ta zazzage buhu ɗaya a ƙasa.

Sai wata dattijuwa a layin gaba, Hajiya Zaratu, ta miƙa ƙafa ta jawo leda ɗaya, ta duba kunnuwanta.

"Wannan ƙullin nawa ne," ta ce. "Duk Galtimari babu mai irinsa."

Mata suka fashe da dariya, wasu suna leƙe ko za su gano nasu.

Wata ta ce, "Malama, kin ce kwano, mun ba da kwano. Ba ki ce mu yi tallan miyarmu a titi ba."

"Ni samirata ce ta aure. In ta dawo a goge ke za ki amsa wa uwata?"

"A ɗaure da ƙyalle mana, kamar yadda ake kai abinci gona," in ji wata daga bayan taro.

"Wa zai wanke ƙyallen kullum? Ke?"

"Ke da ba ki wanke na kanki ba, ai dole ki tambaya."

Malam Babakura ya buga tebur, babu wanda ya ji. Safinatu ta dubi inuwar bishiya, ta ga ta kusa tattaruwa a gindi. Ta juya amalanken ta fita, muhawara tana bin bayanta har bakin titi. Tana tafe tana kiran Abakar a waya, ta ce masa bango babu komai.

Dakta Yoila gajere ne, mai yawan shiru. A tsaye ya yi aikin. Aka ɗaure karsanar a jikin turke, Abakar ya riƙe kai, likita ya aske kwiɓin hagu, ya yi allurai, ya tsaga. Ya zura hannu har gwiwa ya fara jawowa. Safinatu ce riƙe da daro. Ledoji suka riƙa fitowa a murɗe kamar igiyar rijiya, baƙaƙe, masu wari, har daron ya cika ta juye ta sake tarawa. Daga ƙarshe ya ciro wani dunƙule mai tauri ya ƙwanƙwasa shi a bakin daron.

"Wannan ba na makon nan ba ne, Mama. Ya shekara a ciki."

"Labulen mutane ne," in ji Safinatu, "da abin da ta tsinta."

Ya ɗinke, ya shafa magani, ya wanke hannu a buta. Ya ce yau kada a ba ta komai sai ruwa kaɗan, gobe ɗanyar ciyawa tafi ɗaya. In ta yi tuƙa cikin kwana uku ta tsallake. In ba ta yi ba a kira shi. Abakar ya raka shi, a bakin ƙofa ya juyo ya ce wa ƙanwarsa in ta sake karɓar ajiya ta nemi ta zinariya.

Da la'asar maƙwabciyarta ta dawo daga taron, ta leƙo ta katanga ta ba ta labari. An tsaya a kan ƙyalle zuwa ƙarshen zango, Hajiya Zaratu ta ce za ta yanka tsofaffin zannuwanta a raba wa waɗanda ba su da shi, wasu sun ce su dai sai sun gani. Buhunan an kulle su a sito kafin a san inda za a kai su. Malama kuma ta ce daga gobe a kwanar katanga za ta tsaya, ba a ƙofa ba.

"Ta tambaye ni?" in ji Safinatu.

"Ta ce a gaya miki aji uku ba a share ba yau."

Safinatu ta juya maganar a ranta, ba ta gane ko fushi ne ko sulhu ba. Ta je ta tsaya gaban karsanar tana kallon muƙamuƙinta. Bai motsa ba. Ta taɓa hancin, da ɗan laima. Ta kori ƙuda daga ɗinkin, ta zauna a kan turmi, ba ta yi minti ɗaya ba ta miƙe. Geron da ta jiƙa tun jiya yana nan a roba, ya fara tsami. Ta tace shi, ta ɗauraye, ta yafa mayafi ta ɗora robar a ka, ta tafi injin markaɗe kafin a rufe.